Peyaji da Na'ura: Yadda Ake Biyan Kuɗin Hanya da Abin da Ke Jiran Direban Maraɗi

Kuɗin hanya, wanda direbobin Nijar ke kira peyaji, kuɗi ne da mai abin hawa ke biya kafin ya bi wata hanya ko wata gada, kuma a ƙa'ida ana kashe shi wajen gyaran hanyar ko biyan bashin da aka ci aka gina ta. Iri biyu ne ake karɓarsa a yau. Akwai na hannu, inda direba ke tsayawa ya miƙa kuɗi a ba shi tike, akwai kuma na na'ura, inda ake cire kuɗin daga asusun da ya riga ya zuba wa kuɗi, wani lokaci ma ba tare da ya taka birki ba. Na biyun ya bazu a Turai da Asiya da Amurka, ya shigo Afirka ta Yamma ta Dakar da Abijan da Legas. Zancensa ya shafi Maraɗi kai tsaye, domin gari ne da arzikinsa ya dogara da abin da mota ta shigo da shi da abin da ta fitar.

Biyan kuɗi kafin a wuce ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun saba biya a mashigar kogi da ƙofar gari da iyakar kowace masarauta, kuma ɗaya daga cikin manyan ayyukan madugu shi ne daidaitawa da masu ƙasa kan abin da ayari zai bayar. Da Turawan Ingila suka ci Arewacin Najeriya, gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayarin fatake nata harajin, aka soke shi a 1907 saboda yana kashe ciniki. Tun wancan zamani tambayar ba ta sake ba: wanda ya biya, me ya samu? A da amsar ita ce tsaro daga ƴan fashi da izinin wucewa. A yau kwalta ce mai kyau.

A Nijar an kafa asusun CAFER a 1999 don tara kuɗin gyaran hanyoyi, sannan a 2017 asusun FER ya maye gurbinsa. Kuɗin asusun na fitowa ne daga wani kaso da ake ɗorawa kan man fetur da gas, da peyaji, da tarar da ake ci wa motocin da lodinsu ya wuce ƙa'ida. Hanyoyi biyu ne suka fi damun mutumin Maraɗi. Ta farko ita ce babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Gidan Rumji, ta zo Tibiri, ta wuce gabas zuwa Tasawa da Damagaram da Difa; daga Yamai zuwa Maraɗi kusan kilomita 660 ne. Ta biyu ita ce wadda ta yi kudu zuwa Ɗan Isa, ta tsallaka iyaka zuwa Jibiya da Katsina, kuma ta nan ne kayan Kano ke hawowa. Tireloli masu siminti da taki da gari, da manyan motocin fasinja irin na Rimbo da STM, da ƙananan Hiyas na kasuwannin ƙauye, duk a kan waɗannan biyun suke wuni.

Wanda ya taɓa fita Maraɗi da mota ya san yadda shingen yake. Ɗan ɗaki ne a bakin kwalta, da sanda ko igiya a gicciye, da ganguna da aka jera don mota ta rage gudu. Direba ya sauke gilashi ya faɗi inda za shi, ma'aikaci ya duba irin motar ya yago tike daga littafi, a nemi canji. Karen mota kan diro ya ruga da kuɗin tun kafin tirela ta gama tsayawa, masu tallar ruwa da ƙwai da gyaɗa su kewaye tagogin fasinja. Tiken nan kuwa ba a yar da shi, domin a shingen gaba za a ce a nuna. Tsarin yana da sauƙin fahimta, ba ya bukatar wuta ko waya, kuma mai dala ashirin da mai jika goma duk suna iya hulɗa da shi.

Rauninsa yana wajen lissafi. Littafin tike takarda ce: ana iya buga na jabu, ana iya karɓar rabin kuɗi a ɗaga sanda ba tike, ana iya rubuta babbar mota a matsayin ƙarama. Babu wanda ke ƙirga motocin da suka wuce in ban da wanda ke karɓar kuɗin, saboda haka abin da ya isa asusu shi ne abin da aka ce an samu. Wannan ba zargi ba ne ga kowane ma'aikaci, yanayin aikin ne ya bar ƙofa a buɗe, kuma kowace ƙasa da ke karɓar kuɗin hanya da hannu ta yi kuka da shi. Babban dalilin da ya sa gwamnatocin Afirka ke neman na'ura ke nan. A Turai cunkoso ne ya kawo ta, a nan kuwa yoyon kuɗi ne.

Ƙasar Norwe ce ta fara karɓar kuɗin hanya ta na'ura a 1987, Italiya ta biyo baya da tsarin Telepass, Amurka ta kawo E-ZPass a 1993. Tsarin hawa uku ne. Mafi sauƙi shi ne kati: direba ya tsaya, ya kara katin a jikin na'ura, a cire kuɗi, sanda ta ɗaga. Na biyu wata ƴar alama ce da ake mannawa a gilashin gaba, mai ɗauke da ƙwayar lantarki; in mota ta doso, eriyar da ke saman shingen ta karanta lambar ta igiyar rediyo, kwamfuta ta duba asusun, sanda ta buɗe motar tana tafiya a hankali. Na uku babu sanda sam. Ƙarfe ne aka gitta a saman hanya ɗauke da eriya da kyamara, mota ta wuce da gudunta, wadda ba ta da alama a ɗauki hoton lambarta a aika wa mai ita takardar biya. A dukkan ukun akwai na'urorin da ke ƙirga motoci, su auna tsawonsu da yawan tayunsu, don a gwada abin da ya wuce da abin da ya shiga asusu. Wannan ƙirgar ita ce zuciyar al'amarin, ko da direba da tsabar kuɗi ya biya. Asusun kuwa yawanci kamar katin waya yake, sai an zuba ake ci.

Farashi yana bin abu biyu, nisan tafiya da girman mota. Wasu hanyoyin kuɗi tsayayye ake biya a kowane shinge, ko mutum ya yi kilomita biyar ko hamsin. Wasu kuma ana rubuta inda mota ta shiga da inda ta fita a caje ta daidai nisan, kamar babbar hanyar Nairobi mai kilomita 27 da aka buɗe a 2022.

Batun girman mota ya fi bukatar bayani, domin a kansa ne masu tirela suka fi ƙorafi. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a Amurka sun yi wani dogon gwaji a jihar Ilinoi, suka yi ta bin kwalta da motoci masu nauyi daban-daban har ta lalace. Abin da suka gano shi ne ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta. In aka ninka nauyin da ke kan jerin taya guda sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Ma'anar wannan ita ce tirela ɗaya mai lodi fiye da kima tana cin kwalta fiye da dubban ƙananan motoci, babur kuwa kusan ba ya cikin lissafi. Shi ya sa ƙasashen UEMOA, waɗanda Nijar ke cikinsu, suka amince da doka mai lamba 14 a 2005, wadda ta ƙayyade tan 11.5 ga jerin taya guda na baya mai taya ɗaya a kowane gefe, da tan 51 ga tirela mafi girma da kayanta. Aiwatar da dokar ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, domin mai mota yana ganin in bai ƙara lodi ba tafiyar ba za ta fitar da kuɗin mai ba. Amma kwaltar da ta yi kwari biyu a inda tayun tirela ke bi, wadda kowa ya sani a manyan hanyoyin yankin, sakamakon wannan lodin ne. Shingen na'ura da ba a haɗa shi da sikeli ba zai tara kuɗin gyara da hannu ɗaya, ya bar abin da ke ɓata hanyar yana wucewa.

Ga abin da ake biya a wuraren da tsarin ya kafu. A Senegal an buɗe hanyar Dakar zuwa Jamniyajo a 2013, kamfanin Eiffage na Faransa ne ya gina ta yake kuma gudanar da ita, daga baya aka miƙe ta zuwa sabon filin jirgin sama. Da farko ƙaramar mota tana biyan jika uku daga Dakar zuwa filin jirgin, har kukan jama'a ya sa aka rage zuwa jika biyu a ƙarshen 2018. Masu alamar Rapido suna da layinsu da ba a tsayawa. A Abijan, gadar Henri Konan Bédié da aka buɗe a Disamban 2014 ta fara da dala ɗari ga ƙaramar mota, jika ɗaya da rabi ga matsakaiciya, jika uku ga babba. A Najeriya, a Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Kefi da Akwanga da Lafiya da Makurɗi, mai kimanin kilomita 227: naira 500 ga ƙaramar mota, 800 ga jif, 1,000 ga ƙaramar bas, 1,600 ga babbar mota, aka kuma yafe wa babura da masu ƙafa uku. An tsara biyan da kati ne, ba da tsabar kuɗi ba.

Abin da aka rubuta a allo ba shi ne dukan abin da direba ke kashewa ba. Akwai kuɗin sayen alamar ko katin. Akwai kuɗin da zai kwanta a asusu yana jiran tafiyar gobe, wanda ga mai albashi ba komai ba ne, ga mai Hiyas kuwa kuɗin man yau ne. Akwai ladan da kamfanin waya ko wakili ke cira a wajen zubawa. Sannan akwai tara: a Indiya, da aka wajabta alamar FASTag a Fabrairun 2021, wanda ya shiga shinge ba shi da ita ninki biyu aka ɗora masa. A ɗaya gefen kuma akwai riba ta gaske. Tirela mai lodi da ta tsaya cak ta sake tashi tana shan gas, tana cin birki da kuloci. In sanda ta ɗaga ba ta tsaya ba, wannan ya ragu. Mai mota da ke zaune a Sabon Gari, motarsa tana hanyar Damagaram, zai ga a wayarsa lokacin da ta wuce shinge da abin da aka cira, rigimar lissafi tsakaninsa da direbansa ta ragu. Ko ta wace hanya aka biya dai, ba direba ne ke ɗaukar nauyin a ƙarshe ba. Yana raba shi kan kujerun fasinja da buhunan kaya, ya bayyana a farashin albasa da wake da zogalen Jiratawa.

Hanyar biya ita ce inda tsarin zai zauna ko ya faɗi a wuri irin Maraɗi. Katin banki, wanda tsarin Turai ya dogara da shi, kaɗan ne daga cikin direbobi ke riƙe da shi. Abin da ke hannun mutane shi ne waya da wakili: Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash, da kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana da Al Izza, waɗanda ofisoshinsu suka cika unguwanni da bakin tasha, har ɗan kasuwa ya saba tura kuɗin kaya Yamai ko Agadas ba tare da ya shiga banki ba. Tsarin da zai karɓu shi ne wanda direba zai iya zuba wa dala ɗari ko jika guda a wajen wakilin da ke kusa da tasha, ko ta lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya marar intanet, saƙo ya shigo masa nan take da abin da aka cira da abin da ya rage. Direban haya kuɗinsa na yini ne. Da safe ya zuba mai da abin da fasinjan farko suka biya, da yamma ya ware na mai mota da na sandika, abin da ya saura ya kai gida. Wanda ya ce masa ya ajiye jika goma a asusu kafin ya fara aiki bai san sana'ar ba. Saboda haka rufe layin tsabar kuɗi gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a shingen Lekki na Legas a farkon 2020, bai dace da nan ba sai bayan an daɗe ana tafiya da biyun tare. Dakar ma, bayan shekaru fiye da goma, ba ta rufe layin masu biya da hannu ba.

Sai wuta da rezo. Wani babban kaso na lantarkin yankin Maraɗi daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma jama'a sun ga abin da ya faru da aka yanke shi a Agustan 2023. Shingen da sandarsa ba ta ɗagawa sai da wuta dole ya samu farantan hasken rana da batura, na'urarsa kuma ta iya ajiye lissafi in rezo ya ɗauke ta aika daga baya. Ƙurar hunturu tana rufe idon kyamara, zafin bazara yana gajiyar da kayan lantarki, saboda haka kuɗin kula da na'ura da horar da masu gyaranta na cikin lissafi tun daga ranar farko. Hawa na uku, wanda babu sanda, ya fi ƙarfin yanayin da ake ciki, domin yana bukatar kowace lambar mota ta kasance a rajista da sunan mai ita na yanzu da adireshin da takarda za ta same shi, alhali motoci da yawa an sayar da su hannu uku takardu na ɗauke da sunan na farko.

Duk wannan fasaha ce, ana iya sayenta. Abin da ba a saye shi ne yardar masu biya, kuma tarihin ƴan shekarun nan ya nuna haka ƙarara. A Afirka ta Kudu an kafa tsarin da ba shi da sanda a manyan hanyoyin lardin Gauteng a Disamban 2013, na'urori na zamani ƙwarai, amma mafi yawan direbobi suka ƙi biya saboda suna ganin an ɗora musu kuɗi kan hanyoyin da suka saba bi kyauta ba tare da an shawarce su ba. A Afrilun 2024 aka kashe na'urorin. Gwamnatin Obasanjo ta rushe shingayen hanyoyin tarayyar Najeriya a farkon 2004, bisa hujjar cewa abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba kuma yana zurarewa, har yau ana kiran wata unguwa a mashigar Kaduna da sunan shingen da babu shi. Gana ta dakatar da nata a Nuwamban 2021. A kowanne daga cikin waɗannan, hanyoyin ba su daina bukatar gyara ba, sai dai an koma neman kuɗin a wani wuri. Direban da ya biya peyaji a fitar gari, ya faɗa rami bayan kilomita biyu ya fasa taya, ba zai gamsu da cewa yanzu kwamfuta ce ke karɓa ba. Abin da zai gamsar da shi shi ne a riƙa bayyana abin da kowane shinge ya tara a shekara da kilomitan da aka gyara da shi, kuma na'ura ta sa wannan bayani ya zama mai yiwuwa.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe tsakanin Dakar da Maraɗi. Hanyar Dakar sabuwa ce da aka gina gefen tsohuwa. Wanda ba ya son biya yana iya bin tsohuwar ya sha cunkoso. Mai zuwa Tasawa ko Ɗan Isa daga Maraɗi ba shi da wata kwalta ta biyu. Kuɗin da ba a iya kauce masa haraji ne, dole a auna shi da ƙarfin talaka. Abin ya fi tsanani ga masu gajeren zango. Tibiri da Jiratawa kowanne bai wuce tafiyar ƴan mintoci ba daga birni, kuma akwai masu kai da komo sau da yawa a yini: mai ɗauko ganye da ayaba daga lambunan Jiratawa, mai kai fasinja kasuwa ran Litinin da Juma'a, malamin makaranta da ke kwana a birni yana aiki a ƙauye. Duk inda shinge ya faɗo tsakanin birni da garuruwan da ke ciyar da shi, kuɗi tsayayye yana sa na kusa ya biya wa na nesa. A nan na'ura tana da amfanin da littafin tike ba shi da shi, domin tana iya gane motar da ke wucewa kullum ta yi mata rangwame, ko ta ba ta kuɗin wata guda, ko ta daina cira bayan wucewa ta biyu a yini.

Peyaji kuma ba shi kaɗai ne ke tsayar da mota ba. Tsakanin gari da gari akwai ƴan sanda da jandarma da duwan, kowanne da aikinsa na doka, kuma tun tsakiyar shekarun 2000 UEMOA take fitar da rahotanni kan yawan shingaye da ɓata lokaci da kuɗin da ake karɓa ba rasit a manyan hanyoyin yankin. In sandar peyaji ta ɗaga cikin daƙiƙa uku amma mota ta yi rabin awa a shingen da ke gabanta, ɗan kasuwa bai ga canji ba. Haka nan bayanan da na'ura ke tarawa, wace mota ta wuce ina da ƙarfe nawa, suna taimakawa wajen gano motar sata, amma suna bukatar doka kan wanda ke da ikon duba su da tsawon lokacin da za a ajiye su.

Abu na ƙarshe shi ne iyaka. Direban da ya tashi daga Maraɗi zuwa Kano yana ratsa ƙasa biyu da kuɗi iri biyu cikin yini guda, kuma darajar naira a kan sefa tana motsi kusan kullum a hannun ƴan canji. Idan kowace ƙasa ta kafa nata tsarin, zai manna alama biyu a gilashi, ya riƙe asusu biyu, kuɗinsa ya kwanta a wuri biyu. Turai ta sha wannan wahala shekaru kafin ta yi dokar da ke ba alama ɗaya damar aiki a ƙasashe da yawa. Tsakanin ƙasashen da ke amfani da sefa abin ya fi sauƙi, tunda babban bankinsu ɗaya ne, kuma tirelar da ta ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome tana iya biya da asusu guda har Maraɗi in hukumomin hanyoyin suka daidaita na'urorinsu. Ɓangaren Najeriya kuwa sai an zauna an yi yarjejeniya kan farashin canji da wanda zai riƙe kuɗin, ko kuma a bar wa motocin ƙetare layin da za su biya da hannu a shingen farko bayan Ɗan Isa ko Jibiya.